Yadda Ake Kwaso Kayan Tsotsar Mai da Raga Idan Ruwa Ya Hargitse

Watsa kayan tsotsar mai, wato ƙyallaye da makamantansu da ke shanye man da ya malala, a kan ruwa ba ya cin minti goma. Kwaso su ne aiki. In iska ta taso, abin da mutum biyu suka watsa cikin ɗan lokaci sai ya gagari jirage uku har faɗuwar rana. Shi ya sa duk wanda ya shigo hannuna don koyon wannan aiki, dokar da nake fara kafa masa ita ce kada ya kuskura ya kwance ko ƙunshi ɗaya sai raga ta riga ta shiga ruwa, ta buɗe baki, an ga zamanta. Mutane sukan ga kamar an juya aikin baibai, domin idan mai ya malala hankalin kowa yana kan a rufe shi da wani abu tukuna. Amma ƙyallen da ya sha mai ya kuɓuce ya fi man da ke yawo shi kaɗai ɓarna. Ga mai ga roba, kuma zai je ya maƙale cikin duwatsu da saiwoyin itatuwan gaɓa, ko ya naɗe farfelar jirgi, ko ya toshe bakin injin da ake zuƙe man da shi.

Ƙungiyar ITOPF da ke Landan, wadda aka kafa a 1968 kuma take ba da shawara kan malalar mai daga jiragen ruwa, ba ta goyon bayan a dogara da irin waɗannan kaya a tsakiyar teku, kuma wahalar kwasowa na cikin manyan dalilanta. Na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Sai dai ruwa ba ya neman izinin kowa kafin ya canza hali. Ka shimfiɗa kayanka a bakin tashar jirage ko a babban tafki da safe ruwa kwance, kafin rana ta take iska ta juya, taguwar ruwa ta fara watsa su ko'ina. Wannan yanayin nake magana a kai, da ƙananan jirage biyu masu injin rataye da mutum huɗu zuwa shida.

Ka fara sanin abin da za ka kama

Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta ce kayan da aka samo daga tsirrai da dabbobi, irin su busasshiyar ciyawa da dusar katako da gashin tsuntsu, suna ɗaukar mai ninki 3 zuwa 15 na nauyinsu, na ma'adinai ninki 4 zuwa 20, na roba kuwa har ninki 70. Kada wannan 70 ɗin ya ruɗe ka. A kan ruwan gaske ni da ninki 10 nake lissafi, kuma ba don in san yawan man da zan kwashe nake yi ba, sai don in san nauyin da zai rataya a wuyan ragata. Busassun ƙyallaye kilo 40 da yaro zai iya jan buhunsu, in sun sha mai sun ɗebo ruwa, sun doshi rabin tan.

Ka dubi launi. Farin ƙyalle shi ne na kan ruwa, yana korar ruwa yana shan mai kaɗai, kuma ko ya ƙoshi yana nan a sama. Mai launin toka na daɓen masana'anta ne, komai sha yake har da ruwa, in ya faɗa tafki ya cika ya yi ƙasa, babu ragar da za ta same shi. Mai ruwan ɗorawa na sinadarai ne, ba huruminmu ba ne a nan.

Na tsirrai da gashi kuwa, da su kana tsere ne da lokaci, domin a hankali suna jiƙewa. A 2010, lokacin da dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya fashe a mashigin tekun Meziko, jama'a sun tara gashin mutane da na dabbobi ana cusawa cikin safa don a tare mai, amma masu jagorancin aikin suka ƙi amfani da shi saboda an gwada an ga yana shan ruwa ya nutse. Shekara goma bayan haka, da jirgin Wakashio ya sarƙe a kan duwatsun murjani a tsibirin Morishiyas ya zubar da kimanin tan 1,000 na mai, 'yan sa kai sun cusa busasshen ganyen rake da gashi cikin yadi, suka haɗa da robobin ruwa marasa komai a ciki don kada abin ya nutse. Waɗannan robobin su ne dabarar da ta burge ni. In dole ta sa ka yi aiki da ciyawa ko audugar rimi, ka cusa su cikin buhunan raga, ka ɗaura wa kowane buhu abin da zai riƙe shi a sama, ka jera su a igiya ɗaya. Ko farin ƙyallen ma, in da hali, ka huda kusurwarsa ka jera a igiya. Abin da ke ɗaure rabin kwasarsa ta riga ta ƙare.

Wanda ya fi ba ni ciwon kai shi ne na gari-gari da ake barbaɗawa. In ruwa ba kwance yake sumul ba, ban yarda a barbaɗa shi ba sam. Haka kuma kada a watsa kayan tsotsa inda aka fesa sinadarin tarwatsa mai ko aka zuba sabulu, domin suna kashe musu ƙarfin korar ruwa, su jiƙe su nutse.

Ɗinkin ragar

Siffarta ba ta da wuya. Fukafukai biyu ne dogaye da ke kora kaya zuwa tsakiya, sai buhu a ƙarshe inda suke taruwa. Duk wanda ya taɓa ganin koma ya san tsarin. Bambancin kawai, komar masunta a ƙarƙashin ruwa take aiki, wannan kuwa rabin aikinta a sama yake, tunda abin da take bi yana kwance ne a saman ruwa kuma iska tana iya ɗaga shi. Ga ƙananan jirage biyu, fiffike mai tsawon mita 15 zuwa 20 kowane gefe ya wadatar. Wanda ya fi haka injin ɗinku ba zai iya sarrafa shi cikin iska ba.

Ka nemi zaren da ba ya nutsewa. A jikin naɗin igiya ko raga za ka ga an rubuta PE ko PP, wato nau'in robar da aka yi zaren da ita. In an ɗauki nauyin ruwa a matsayin 1, na farko kamar 0.95 ne, na biyu 0.91, don haka ko sun tsinke suna nan a sama ana ganinsu. Nailan 1.14 ne, ƙasa yake yi, kuma ragar da ta nutse kusa da farfela masifa ce.

Idon fukafukai ya zama santimita 4 zuwa 5 in ƙyallaye da dogayen matasai za ka kama, na buhu ya fi matsuwa, 1 zuwa 2. Sabon shiga yakan ce a yi mai ƙananan ido ko'ina don kada komai ya wuce. Ba haka ba ne. Abin da raga ta fi shingen roba da ake tare mai da shi a kan ruwa shi ne tana barin ruwa ya ratsa ta, ba ya taruwa a gabanta ya danne ta. Da zarar mai ya fara manne wa zare idon yana raguwa da kansa, kuma rariyar da idonta ya toshe ai ta zama ƙwarya. Daga nan ruwa ba ya ratsawa, sai ya bi ta ƙasa da gefe ya tafi da kayanka. Ka fara da ido mai faɗi, mai zai matse maka shi ko ba ka so.

A kan gora nake fi tsananta wa mutane, wato abin da ke riƙe ragar a sama, ko na soso mai tauri ne ko na roba mai iska. Ka yi su gajeru, masu yawa. Gora mai tsawon mita uku marar lanƙwasa, in taguwa biyu suka ɗaga kawunansa, tsakiyarsa sai ta rataye a iska kaya su sulale ta ƙasa, in kuma taguwa ta zo masa ta tsakiya sai ta haye shi da duk abin da ta ɗauko. Mai tsawon rabin mita, da ɗan sarari tsakaninsa da na kusa da shi, hawa yake yana sauka tare da ruwan. Duk ragar da aka yi ta don ta tsaya ƙyam ta yi jayayya da taguwa, taguwar ce za ta ci. Wadda ke lanƙwasa tana bin ruwan ita ke riƙe kaya.

Lissafin ƙarfin gora mai sauƙi ne. Lita ɗaya ta iska tana ɗaga kusan kilo ɗaya. Ma'aunin ASTM, ƙungiyar tsara ƙa'idojin ingancin kaya da ke Amurka, ya nemi shingen da zai yi aiki a buɗaɗɗen ruwa ƙarfin ɗagawarsa ya ninka nauyinsa sau 8, na ruwan kwance kuwa sau 3 ya isa. An rubuta shi ne don shingen roba, amma ni shi nake bi a raga ma. In kowace mita ta fiffikenka, da sarƙarta da sandarta, tana da kilo 3, to tana buƙatar gora mai lita 24, misali mai kaurin santimita 25 da tsawon 50. A ido za ka ga kamar ya yi yawa. Wannan rarar ce ke sa ragar ta yi wuf ta hau kan taguwa maimakon ta nutse cikinta ta fito a makare.

Raga ba ta tsayuwa da kanta, sai an ba ta ƙashi. Kowace mita ɗaya ka ɗaura sanda a tsaye, bututun roba mai kauri ya isa, gora a ƙugunta, nauyi a gindinta. Abin da zai fito saman ruwa ya zama santimita 30 zuwa 40, na ƙasa kuma kamar 60. Kullum na ƙasa ya fi na sama, in ba haka ba iska za ta kwantar da ita. A gindi na fi son sarƙa a kan dalma, don sarƙa nauyi ce kuma igiyar ja ce a lokaci guda, tana kuma lanƙwasa. In wurin ba shi da zurfi ka rage na ƙasan, domin idan raga ta kusa taɓa ƙasa ruwan da ke bi ta ƙarƙashinta yana matsuwa ya ƙara gudu, ya tsotse kaya ya fitar da su ta baya.

Nauyin ja kada ya hau kan zaren raga. Igiyar sama da sarƙar ƙasa su ne za su ɗauka. A bakin kowane fiffike ka sa sandar ƙarfe a tsaye, ka fito da igiya ɗaya daga samanta ɗaya daga ƙasanta masu tsawo daidai, su haɗu a zobe guda, daga nan igiyar ja ta tafi jirgi. In ta sama kaɗai kake ja, gindin zai yi baya ya taso, ragar ta kwanta a kan ruwa. In ta ƙasa kaɗai, kan zai duƙa ya nutse.

Shi kuma buhu, ka yi masa rufi na raga a sama, domin ƙyallen da bai gama shan mai ba ba shi da nauyi, iska ɗaya za ta tsallakar da shi. Ka jera masa nasa gorunan a gefe biyu, ka zagaya wuyansa da igiyar zarge da za a ja daga jirgi a rufe bakin. Kuma ya zama mai cirewa, an haɗa shi da fukafukai da maƙalai, ba ɗinki ba. Ka tanadi aƙalla uku. Wannan duka aikin tudu ne na lokacin da babu abin da ya faru, ba a fafe gora ranar tafiya.

A kan ruwa

Kafin ka kunna inji ka tsaya ka karanta ruwan. Mai yana tafiya ne da cikakken gudun ruwa, a ƙara masa kamar kashi 3 cikin ɗari na gudun iska. Iska mai kilomita 30 a awa tana tura shi kusan kilomita ɗaya a awa. Busasshen ƙyalle ya fi haka sauri don iska tana kama shi sosai, wanda ya ƙoshi kuwa ya lafe cikin ruwa yana jan jiki. Ke nan kayanka za su rabu, marasa nauyi a gaba masu nauyi a baya. Ka zagaya can gaban na gaban, ka shimfiɗa ragar bakinta yana fuskantar iska. Kada ka bi su ta baya kana kora, ba za ka cim musu ba sai ka yi gudun da zai zubar da abin da ka riga ka kama.

Iska tana yi maka wani aiki kyauta in ka lura. Idan ta jima tana kaɗawa, duk abin da ke yawo a saman ruwa yakan jeru layi-layi, dogayen layuka da ke bin inda iskar ta nufa. Wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Irving Langmuir, shi ya bayyana dalilin haka a 1938: ruwan saman yana murɗawa ne gefe da gefe, yana tattara shara inda murɗawa biyu suka haɗu. Ka sa bakin ragarka a kan layi ɗaya ka bi shi har ƙarshe, sannan ka koma na gaba. Wanda ya ratsa layukan a gicciye zai yi ta jan ruwa zalla.

Ka fara sakin buhu, sannan fukafukai, jirage suna matsawa a hankali. Faɗin baki ya zama kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawon ragar gaba ɗaya, wato fukafukai masu mita 20 kowanne su buɗe mita 13 ko kusa da haka. Kowa yana kwaɗayin ya buɗe baki sosai don ya kama da yawa. In ka buɗe fiye da kima, fukafukan sun daina kora kaya zuwa buhu, sun koma bango, kaya su taru a jikinsu taguwa ta riƙa tsallakar da su ɗaya bayan ɗaya.

Sai maganar gudu, wadda a kanta ake yawan faɗa da matuƙa. An daɗe da sanin cewa idan ruwa yana dukan shinge kai tsaye da gudun da ya wuce kimanin mita 0.35 a sakan, mai yana fara kuɓucewa ta ƙasa. Wannan kilomita 1.3 ne a awa, bai kai kashi ɗaya cikin uku na tafiyar ƙafa ba. Raga tana iya jure fiye da haka tunda ƙyalle take riƙewa ba ruwan mai ba, amma ni ba na barin a yi nisa da wannan iyaka, saboda dalili biyu. In ka ninka gudu, ƙarfin da ruwa ke jan ragar da shi ninki huɗu yake yi. Kuma wannan ƙarfin yana matse ƙyallayen da ke cikin buhu, man da suka sha ya fito ta baya. Za ka dawo da buhu cike, ka bar man a inda ka same shi.

Ba ka buƙatar na'ura don auna wannan. Ka yi alama biyu a gefen jirgi, tazarar mita 5, ka jefa guntun katako daidai ta gaba ka ƙirga. In ya kai ta baya cikin sakan 14 ko fiye, kana daidai. In sakan 8 ne, ka yi sauri. Abin da ake aunawa gudunka ne a kan ruwan, ba a kan ƙasa ba, don haka lambar da waya ko na'urar tauraron ɗan'adam ke nunawa tana iya yaudararka in ruwan da kansa yana tafiya. Injin rataye da yawa ba sa iya tafiya a hankali haka. Matuƙi ya riƙa sa giya yana cirewa, ko a ja bokiti a bayan jirgi don ya riƙe shi. Sau da yawa ma, in iska tana da ƙarfi, aikin jiragen kawai su riƙe baki a buɗe, iskar ta kawo kayan.

Igiyar ja ta yi tsawo, mita 25 zuwa sama. Gajeriya tana kawo ragar cikin ruwan da farfela ke hautsinawa, ya kore kaya daga baki, kuma duk fizgar da taguwa ta yi wa jirgi tana isa ga raga kai tsaye. Tsohuwar tayar mota a tsakiyar igiyar tana shanye fizga sosai. Kada kowa ya tsaya a saitin igiyar da ke ɗaure da nauyi, in ta tsinke bulala take zama. Kuma mutum ɗaya ne ke ba da umarni ga jiragen biyu, da rediyo ko da alamar hannu da aka yi yarjejeniya a kai tun a tudu. Lokacin juyawa, na ciki ya rage gudu na waje ya yi faɗin zagaye, kada fiffiken ciki ya saki, don in ya saki zai naɗe.

Idonka ya kasance a wuyan buhu, can ne komai ke bayyana. In ƙyallaye suna fitowa a bayan raga, ko gudu ya yi yawa ko gindi ya taso. In kuwa taguwa ce ke dukan wuyan tana fantsama da kaya ta sama, to fuskantar iska ya daina biyan buƙata. Ka zarge buhun, ka zagaya can bayan kayan, ka bi su tare da taguwar. Za ka kama kaɗan-kaɗan, marasa nauyi za su tsere maka, amma dukan zai ragu kuma masu nauyin, waɗanda su ne ɗauke da man, za su shiga.

A kogi ba a ja, kafawa ake yi. A ɗaure fiffike ɗaya dogo da anga a gicciye, ya karkata yana kora kaya zuwa gaɓar da ruwa ya fi laushi, buhu yana can ƙarshe. In gudun kogin ya ninka waccan iyaka ta mita 0.35 a sakan sau biyu, karkatar ta zama digiri 30 daga hanyar ruwan, in sau uku ne kamar digiri 20. A digiri 30 kana buƙatar raga mai ninki biyu na faɗin da kake son tarewa.

Akwai lokacin da za ka haƙura. A ma'aunin iska na Beaufort, mataki na 4 shi ne kilomita 20 zuwa 28 a awa, taguwa kamar mita ɗaya, farin kumfa yana yawaita a kawunansu. A nan raga mai kyau tana aiki, da wahala dai. Mataki na 5, kilomita 29 zuwa 38, taguwa ta doshi mita biyu, ƙananan jirage su koma. Tsayin taguwa ma ba shi ne duka labarin ba. Dogayen raƙuman ruwa masu tafiya a hankali raga tana hawansu lafiya ko sun yi tsayi, gajeru masu karyewa a jere su ne ke wahalarwa, kuma su ake samu a tafki da bakin kogi. In ka janye, ka je gaɓar da iska ta nufa ka kafa ragar a wani lungu mai kariya, kayan can za su zo.

Abu guda kada ka nema a wurin raga. Bayan jirgin Prestige ya karye ya nutse daura da gaɓar Galisiya ta Sifaniya a Nuwamban 2002, ɗauke da kimanin tan 77,000 na baƙin mai, jiragen masunta sun kwashe dubban tan daga teku, wasu da raga wasu da kayan hannu masu dogon ƙota. Mutane sukan kafa hujja da wannan su ce raga tana kama mai. Ta kama ne don wannan man mai kauri ne ƙwarai, ya gauraye da ruwa ya zama curi-curi. Dizal ko ɗanyen mai marar kauri ratsa ta zai yi ya wuce. Saboda haka nake jan dogon matashin tsotsa guda, a lanƙwashe, 'yan mitoci a bayan buhu, ya tare sheƙin man da ke tsiyayowa.

Fitar da buhu

Kada ka jira ya cika. Rabi ya isa. A ja igiyar zarge, a cire maƙalai, a sa sabo, aiki ya ci gaba. Cikakken buhu a cikin ruwa ba ya nuna nauyinsa, sai an fara ɗaga shi, kuma da zarar ya bar ruwa nauyin kansa zai matse shi mai ya zubo. Don haka ka jawo shi gefen da jirgi ya kare daga iska, ka zura tamfol a ƙarƙashinsa tun yana cikin ruwa, ka tattaro bakin tamfol ɗin, sannan a ɗaga. In jirgin ƙarami ne kada a ɗaga ma, a ja shi a hankali zuwa gaɓa ko zuwa babban jirgi mai ƙugiya. Mutum huɗu a gefe ɗaya suna jan rabin tan cikin taguwa, haka jirage ke kifewa. Abin da aka ɗora kuma ya shiga mazubi marar yoyo a tsakiyar jirgi, a ɗaure shi, kada ruwan mai ya riƙa kai-komo a cikin jirgin.

Kowa da rigar ceto a jikinsa, da safar hannu ta roba mai jure mai, da takalmi marar santsi, da wuƙa a kusa don yanke igiya in ta naɗe ƙafa. Sabon ɗanyen mai yana fitar da tururi mai cutarwa, ku tsaya ta inda iska ke fitowa. In fetur ne ya zube, wannan aikin gaba ɗaya ba nasa ba ne. Tara shi wuri guda tara wuta ne, a nisanta a kira hukuma. Ita hukumar da ke kula da ruwan, ko wane irin mai ne, a sanar da ita tun farko. Kada kuma a bar raga a ruwa babu mai tsaro ko a kwana da ita a shimfiɗe, tsuntsaye da kunkuru suna sarƙewa.

Ka ƙirga abin da ka watsa, ka ƙirga abin da ya dawo. Ƙyallaye ɗari uku suka fita, ɗari biyu da sittin suka dawo, to arba'in suna wani wuri, gobe da sassafe a bi gaɓar da iska ta nufa. Wanda bai ƙirga ba zai ɗauka ya gama.

A tudu, a zuba kayan cikin leda mai kauri ninki biyu, a ajiye a kan shimfiɗa marar yoyo, a inuwa, nesa da wuta. Ciyawa da auduga masu mai kada a tula su tsibi guda, suna iya ɗaukar zafi daga ciki. Kada a haɗa su da sauran shara, domin duk abin da suka taɓa shi ma ya zama shara mai haɗari, kuma wurin da hukuma ta amince ne kaɗai zai karɓe su. Buhun da ya sha baƙin mai ba na wahalar da kaina wajen wanke shi, tare da kayan yake tafiya. Fukafukai ake wankewa, da ruwa mai ƙarfi, a wurin da aka killace don ruwan wankin kada ya koma inda aka fito, kuma in an sa sabulu a ɗauraye shi tas saboda kada ragowarsa ta ɓata kayan tsotsa na gaba. In sun bushe a naɗe su falle-falle yadda wuyan buhu ne zai fara fita, a rufe daga rana, domin hasken rana yana cinye zaren PP. Kafin a sake fita a murza igiyar tsakanin yatsu, in tana fitar da gari a canza ta.